Gawar Tap Mai Milimita Huɗu

Cikin dukan ranakun da na yi a bakin aiki, wadda ta ƙi fita raina ita ce wata Litinin ta ƙarshen bazara, a ɗakin gyaran injuna na ma'aikatarmu da ke Goronyo. Ina rubuta labarinta ne saboda ƙannena da aka ɗauka aiki a bayana, waɗanda suka ji shi gutsi-gutsi a bakin mutane, kowa da irin gishirin da ya ƙara. Abin da na gani da idona zan ce na gani. Wanda aka faɗa mini kuma zan ce an faɗa mini.

A lokacin saura mako biyar in cika shekara biyu ta gwaji. Ga wanda bai san tsarin ba, sabon ma'aikaci ba ya zama cikakke sai shugaban sashensa ya cika masa fom ɗin tabbatarwa, ya rubuta abin da ya gani na halinsa, ya sa hannu. In bai sa ba, ko dai a ƙara wa mutum wa'adin gwaji, ko a sallame shi. Nawa fom ɗin yana kan teburin Babban Injiniya, an danne shi da wani tsohon fistin na inji don kada fanka ta kwashe shi. Duk lokacin da na shiga gaisuwa sai na saci kallonsa.

Aikin da aka ba ni ƙarami ne. An samo wa wata ƙungiyar mata makiyaya da ke wajen Rabah tankin sanyaya madara, amma farantin da ake ɗaura ma'aunin sanyi a kansa ya zo babu huda. Ana bukatar ramuka shida, kowanne na sukuru mai milimita huɗu. Sukuru ba ya kama rami sai an yanka wa ramin haƙora a ciki, waɗanda makanikai ke kira tiredi, kuma abin da ake yanka su da shi wani siririn ƙarfe ne mai kaifi da ake kira tap. Ana murɗa shi da hannu. Yana da tauri ƙwarai, amma kamar gilashi yake: ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye. Farantin kuwa na ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, wanda a kasuwa ake ce wa silba, kaurinsa milimita shida. Halin wannan ƙarfe shi ne, in ka goga shi ba ka yanka ba, sai ya ƙara tauri a daidai wurin, ya riƙe abin yankan ya ƙi saki. Faranti ɗaya ne ya zo da tankin. Tap ɗaya ne ya rage a sito. Katin aikin kuma da sunana aka buɗe shi.

Ranar Alhamis na huda ramukan shida da bakin huda mai milimita uku da ɗigo uku, kamar yadda littafi ya ce. Na auna kowanne sau biyu. Ina cikin goge farantin sai Baba Isa, tsohon bakaniken da ya haura shekara talatin a wannan ɗaki, ya matso ya ce in bar masa shi zuwa Litinin ya gyara wa maigida, wato Babban Injiniya, hanya. Na duba katin aiki, ban ga matakin da ake kira gyara hanya ba. Na yi masa godiya cikin ladabi, na ce tunda aikin da sunana yake, ya fi kyau kada wani hannu ya taɓa shi ba a rubuce ba. Na kulle farantin a durowata. Baba Isa ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce Allah shi ba da sa'a, ya koma kan famfon ban ruwan da yake kwancewa.

Akwai wata al'ada a ma'aikatarmu. Duk aikin da za a kai wa jama'a da biki, Babban Injiniya ne ke buɗe shi da hannunsa. In walda ce shi ke ɗiga ta farko, in rami ne shi ke yanka na farko, ma'aikata na tsaye ana ɗaukar hoto. Na san wannan al'ada, kuma ina ganin girmanta.

Ranar Litinin ya shigo da ƙarfe tara, cikin babbar riga ta farar shadda da ta sha sitaci. Ya naɗe hannun rigar a kafaɗa, ya karɓi tap, ya fara ba mu labarin yadda suka haɗa wani injin a zamaninsu babu ko zane. Na miƙa masa kwalbar mai. Ya dubi kwalbar, ya dubi shaddarsa, ya ce su da suka koyi aiki ba da mai suka koya ba. Sai ya kafa tap a rami da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana nuna mana girman injin da yake ba da labari, ya shiga murɗawa.

Ƙa'ida ita ce a murɗa rabin zagaye gaba, a dawo baya kaɗan don ɓarɓashin ƙarfe ya karye ya fita. Na ƙirga masa zagaye huɗu cikakku, duk gaba. A na huɗun na ji ƙarfen ya fara kuka.

Na ce, "Ranka shi daɗe, da an ɗan koma baya."

Ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nika wanga aiki."

Ya ƙara ƙarfi. Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinken sakace ba, amma kowa a ɗakin ya ji ta. Na dubi agogo, tara da minti goma sha biyu. Babban Injiniya ya ɗaga abin da ya rage a hannunsa, ya juya shi a haske kamar mai duba jabun kuɗi, ya ce kayan yanzu duk ba su da aminci. Ya miƙo mini, ya ce in ƙarasa, tunda ya buɗe mini hanya. Ya sauke hannun rigarsa ya fita, mai hoto na biye da shi.

Sai da ɗakin ya watse Baba Isa ya zo ya leƙa ramin. Guntun tap ɗin ya karye daidai da fuskar faranti, babu wurin kamawa. A nan ya bayyana mini abin da katin aiki bai ƙunsa ba. Ya ce manyan injiniyoyi uku ya yi aiki a ƙarƙashinsu, kuma babu ɗaya da ya taɓa yanka sabon rami a wannan ɗaki. Su makanikai ke yanka tiredin tun kafin ranar, su wanke, su shafa ɗan ɓarɓashi a baki don ya yi kama da sabo. Maigida ya zo ya murɗa tap a hanyar da aka gama, a tafa, kowa ya koma aikinsa da mutuncinsa.

Ya ce, "Kai ko, ɗana, ka ɗauki rami na gaske ka ba mutum. Mi ya yi maka?"

Na tafi sito neman wani tap. Mai kula da sito, Malam Nomau, mutum ne da bai taɓa karya doka ba, kuma bai taɓa barin doka ta amfani kowa ba. Dokarsa ita ce ba a ba da sabon kayan aiki, ko a rubuta a sayo, sai an kawo gawar tsohon cikakkiya. Ya kamata in yi adalci in ce dokar tana da asali, domin an faɗa mini a da ma'aikata kan ce abu ya karye alhali yana kasuwa. Malam Nomau ya ɗora guntun a kan rula. Tap ɗin da ya ba ni milimita hamsin da uku ne, wanda na mayar arba'in da huɗu da rabi. Ya tambayi ina sauran. Na ce yana cikin faranti. Ya ce to in kawo farantin. Na tambaya ko zan iya karɓarsa bayan ya gani. Ya ce abin da ya shiga sito a matsayin gawa ba ya fita.

Baba Isa ne ya tura ni Wurno, wurin wani Malam Buhari, tsohon hedimasta da ya koyar da kimiyya kafin ya yi ritaya. Ya mayar da zaurensa ɗakin ƙira, da ɗan injin sassaƙa ƙarfe da ya saya na hannu, yana ƙera ƙananan injuna da ba su da aikin yi sai juyawa. Ba ya karɓar aikin kowa don lada, shi ya sa mutanen unguwa ke gaishe shi da irin tausayin da ake yi wa wanda karatu ya taɓa. Ya sa tabarau ya duba farantin, ya yi mini tambaya uku: da wane baki na huda, wane mai aka sa, wa ya riƙe tap. Na amsa biyu. Ya ce ta ukun ma ya ji amsarta.

Ya hana ni ko tunanin buga guntun da kurfi da guduma, don ramin zai lalace. Ya aika aka sayo alif, irin wanda mata ke jefawa a randa don ruwa ya kwanta. Ya narka shi da yawa a tukunyar ƙasa, ya nutsa farantin, ya ɗora a kan garwashi mara ƙarfi. Ya ce ruwan alif mai zafi yana cin ƙarfen tap a hankali, amma ba ya taɓa silba, da sharaɗin kada zafi ya yanke kuma a riƙa ƙara alif. Kwana uku ina zirga-zirga a babur tsakanin Goronyo da Wurno. Ran Alhamis ya sa allura ya tsokani ramin, abin da ya rage na guntun ya zube kamar toka.

Daga nan ya ƙara wa ramukan faɗi zuwa uku da ɗigo huɗu. Na tuna masa littafi uku da ɗigo uku ya ce. Ya ce littafin da ƙarfe mai laushi yake magana, kuma bai taɓa jin littafi ya biya faranti ba. Ya ɗauko nasa tap, ya shafa masa kitsen sa da ya narkar ya ajiye a gwangwani, ya yanka ramin farko, ya miƙo mini sauran biyar. Rabin zagaye gaba, kaɗan baya, a ciro, a goge, a ƙara kitse. Kowane rami ya ci mini kusan minti ashirin, kuma duk shida suka kama sukuru ba tare da wasa ba.

Aka kai tanki Rabah a kan lokaci. Babban Injiniya ya yi jawabi, ya ce aikin hannunsa ne tun daga ramin farko, wanda a wata fuskar ba ƙarya ba ne. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ran Litinin ta gaba na tarar da takardar tuhuma daga sito, ana so in bayyana inda milimita takwas da rabi na kayan gwamnati suka shiga. Na amsa da gaskiya, shafi biyu, na ce sun narke a ruwan alif a Wurno. Bayan kwana biyu aka kafa kwamitin bincike na mutum uku: Malam Garba, jami'in mulki, shi ne shugaba, sai Malam Nomau, sai wani jami'i daga sashen motoci. Aka kuma sanar da ni cewa fom ɗina zai jira rahoton kwamiti.

A zaman farko na buɗe littafina na fara daga ƙarfe tara na safiyar Litinin. Ban kai ga babbar riga ba shugaba ya ɗaga hannu. Ya ce an kafa kwamiti ne don binciken ɓacewa, ba karyewa ba, kuma duk abin da ya faru kafin guntun ya shiga rami ba ya cikin hurumin kwamiti. Malam Nomau ya ce shekara ashirin iyalinsa na sa alif a randa, kuma har yau bai ga moɗa ta narke ba, balle hanjin yaransa. Jami'in motoci, wanda na ɗauka barci yake, ya buɗe ido ya tambaya ko malamin na Wurno ya tofa wani abu a tukunyar. Na ce bai tofa ba. Ya ce ai ba lallai in gani ba.

Don in wanke kaina na ba da shawara a gwada a gabansu da ƙusa. Malam Nomau ya ce ƙusa daban, tap daban, in gwaji za a yi a yi da guntun da ke hannunsa. Na ce wannan shi ne shaidar da ta rage, kuma kwana biyu sun isa a ga alamar ci a jikinsa, don haka a ciro shi da wuri. An rubuta kashi na farko na maganata, ba a rubuta na biyu ba. Shugaba ya yanke hukunci: a ajiye tukunya a kan risho a bayan ofishinsa, tsohon masinjanmu ya riƙa kula da wuta yana ƙara ruwa da alif kamar yadda na bayyana, kuma kada wanda ya ciro komai sai kwamiti ya zauna da cikar mutum uku.

Kwamiti bai cika ba. Da farko shugaba ya tafi Sakkwato taro. Ranar da ya dawo aka yi ruwan farko, jami'in motoci ya wuce Dinawa shuka gero, rabin ma'aikata ma suka bi gonakinsu. Da ya dawo, Malam Nomau ya tafi ta'aziyya. Masinjan kuwa mutum ne mai riƙon amana. Bai bar wutar ta mutu a lokacin aiki ko sau ɗaya ba, kuma da alif ya ƙare da kansa ya je kasuwa ya ƙaro. Sau biyu na rubuta wa shugaba ina tunatar da shi abin da ke faruwa a tukunyar. Amsar da na samu layi ɗaya ce, cewa wanda ake bincike ba ya tsoma baki a kan shaida.

Ran kwana na goma sha shida kwamiti ya cika. Aka shigo da tukunya aka ɗora a tebur. Shugaba ya sa rula ya motsa, bai ji komai ba. Aka tace ruwan da hankici. Abin da ya tsaya a kai baƙin laka ne kamar cokali guda, da wani ɗan siririn abu da ya murmushe da Malam Nomau ya taɓa shi.

Jami'in motoci ya ce lallai yaron nan ya yi gaskiya. Malam Nomau ya daɗe yana duban yatsansa, sannan ya ce, "To yanzu wa za shi kawo min gawa?"

Na ga lissafin yana shiga fuskar shugaba. Ni milimita takwas da rabi na narkar. Kwamiti ya narkar da arba'in da huɗu da rabi, da umarninsa, a rubuce, a kan rishon ofis.

Washegari rahoto ya fito, kuma ban taɓa ganin takarda ta fito da sauri haka a ma'aikatarmu ba. Ya ce bayan zurfin bincike kwamiti ya gano cewa tap ɗin ya tsufa ne ya ƙare a bakin aiki, kamar yadda kayan aiki ke ƙarewa. Babu karaya, babu ɓacewa, babu mai laifi. Ashe dokar sito tana da sashe na kayan da suka cinye don tsufa, kuma wannan sashe ba ya neman gawa. A ƙasan shafi akwai sa hannu uku, da wuri na huɗu da aka bari ga mai katin aiki.

Na karanta sau uku. Na ce wa shugaba, cikin girmamawa, cewa tap ɗin bai tsufa ba, karyewa ya yi, da ƙarfe tara da minti goma sha biyu, a gaban mutum goma sha ɗaya.

Ya ce, "Malam Mu'azu, ba a ce ka yarda ba. Sa hannu anka ce."

Saura kwana huɗu wa'adina ya cika. Na ɗauki takardar na fita, na tarar da Baba Isa a gindin dogon yaro yana wanke hannu da kananzir. Na karanta masa, na tambaye shi abin da ya gani. Ya ce shi ba ya ba mai digiri shawara, ya gwada sau ɗaya bai yi amfani ba. Sai da ya goge hannunsa tas sannan ya ƙara da cewa shi ma an taɓa kawo masa irin wannan takarda yana saurayi, ya ƙi sa hannu, kuma bai yi nadama ba.

Ya ce, "Shekara ashirin da shidda ke nan. Matakin da nike ran nan, shi nike yau."

Na sa hannu kafin azahar. Kafin la'asar masinja ya kawo mini fom ɗina, da zoben tsatsar fistin a kusurwarsa. A gurbin da shugaban sashe ke bayyana halin ma'aikaci, Babban Injiniya ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa: "Mai gaskiya ne, kuma ya fara fahimtar aiki."

Ƙannena, ga abin da na ɗauka daga wannan. Ƙarfe ba ya sanin matakin albashin mai riƙe da shi, shi ya sa mutanen sana'ar nan suka ƙware wajen tsayawa tsakanin ƙarfe da manya, kuma rabin gwanintar tsofaffin da kuke rainawa a nan take. Zan koya muku huda da yanka tiredi daidai da yadda aka koya mini, ba zan rage muku ko ɗigo ɗaya ba. Amma in kun ji ana cewa wane ya fahimci aiki, ku tambaya a hankali wace takarda ya sa wa hannu. Tawa tana cikin fayil, kuma duk wanda ya buɗe zai ga sunana a ƙasan magana ɗaya tilo da na san ba haka take ba. Da ita aka tabbatar da ni.